Aminatou Seyni da Tseren da Aka Raba Ta da Shi



Da aka ce in yi magana a kan wasanni, abokaina sun ɗauka ƙwallon ƙafa zan tattauna, ko kuwa kokawa, tunda ni mutumin Tozai ne a ƙasar Isa, inda yaro kan iya kayar da ɗan'uwansa tun bai gama haddace Fatiha ba. To, ba can na nufa ba. Labarin wata 'yar tsere zan ba ku, maƙwabciyarmu daga Jamhuriyar Nijar, wadda na tabbata yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, alhali kuwa mun san na 'yan Jamaika har da laƙabinsu.

Sunanta Aminatou Seyni, an haife ta a Dosso a 1996. Ku tuna wace irin ƙasa ta wakilta. Tun da Nijar ta fara zuwa wasannin Olamfik, lambar yabo biyu kacal ta samu: tagullar Issaka Daboré a dambe a Munik, 1972, da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taikwando a Riyo, 2016. A can takobin kokawa shi ne abin alfahari, kamar yadda kowane Bagobiri ya sani. Mai gudu kuwa, sai a tambaye shi abin da ya koro shi.

Tseren mita 400 zagaye guda ne na fili, amma masana sun ce babu mai azabarsa. Ya yi wa gudun ƙarfi tsawo, ya kuma yi wa gudun lallaɓa gajarta. Mutum zai tashi da kusan iyakar ƙarfinsa, sa'an nan a mita 100 na ƙarshe ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, ga shi ba halin tsayawa. A nan Aminatou ta ƙware. A watan Yulin 2019, a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, ta kammala shi cikin sakan 49.19. Wadda ta riga ta, Salwa Eid Naser, ta yi 49.17. Bambancin bai kai ƙiftawar ido ba. (Ita Salwa ɗin ma a Anambra aka haife ta, tutar Bahrain take wa gudu. Wannan wata laccar ce ta daban.)

Bayan wata uku Salwa ta ci zinariyar duniya a Doha. Aminatou ba ta cikin tseren, kuma ba don rauni ba. Hukumar guje-guje ta duniya ta kafa doka cewa macen da aka halitta da wani irin bambancin jiki, wanda ke sa sinadarin testosteron ya yawaita a jininta, ba za ta shiga tsere daga mita 400 zuwa mil guda ba sai ta sha magani ta rage shi. Caster Semenya ta Afirka ta Kudu ta kai ƙara kotun wasanni, aka kayar da ita a Mayun 2019. Dokar ta hau kan Aminatou, sai ta koma mita 200.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin canji ne. Kamar a ce wa ɗalibin da ya shekara uku yana karanta Tarihi ya zauna jarrabawar Lissafi ne. A mita 200 tashin farko da iya shan kwana su ne rabin aiki, dogon numfashin da ta tara kuwa ba ya samun filin nuna kansa. Duk da haka a 2022 ta zama zakarar Afirka a wannan tsere a tsibirin Morishas. A watan Yulin shekarar, a gasar duniya ta Yujin a Amurka, ta yi sakan 21.98 a zagayen farko, ta kai zagayen ƙarshe, ta zo ta huɗu da 22.12. Dina Asher-Smith ta Ingila ta ɗauki tagulla da 22.02. Watau kashi ɗaya cikin goma na sakan ne ya raba Nijar da lambar yabo. A bayanta kuwa har da Elaine Thompson-Herah, mai zinariyar Olamfik ta wannan tsere.

A Maris na 2023 hukumar ta ƙara tsananta dokar: ta sauko da ma'aunin daga 5 zuwa 2.5, ta kuma shimfiɗa shi a kan kowane irin tsere. Ƙofar da ta rage aka tura ta.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba. Masu dokar suna da hujja, domin sauran matan ma sun yi gumi, kuma suna da haƙƙin a yi musu adalci. Amma Aminatou ba ta sha wani haramtaccen abu ba, ba ta cuci kowa ba. Yadda Allah Ya halicce ta haka ta zo. A ce lafiyayyen mutum ya sha magani don ya rage abin da aka haife shi da shi, wannan ban gamsu da shi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, an yi ta muhawara a kan jikinta a Turai, mu maƙwabtanta ko labari ba mu da shi.

Ita dai an auna gudunta, duniya ta rubuta. Sa'ad da nake firamare akwai wata yarinya a ajinmu da babu namijin da ke cin mata, ba takalmi, a kan rairayi. Ba wanda ya taɓa riƙe mata agogo. Yanzu kuwa 'yan bindiga sun tashi makarantu da yawa tsakanin Isa da Sabon Birni, gudun da yaran ke yi na tsira da rai ne.

Don haka, ya Shugaba, ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. A makon ɗalibai mai zuwa a sa tseren mita 100, 200 da 400, na maza da na mata, kada ƙwallo ta cinye kuɗin duka. Sa'an nan a sayi agogon awo da littafi guda, a riƙa rubuta sunan kowa da lokacinsa, a gayyato 'yan makarantun sakandare, musamman 'ya'yan waɗanda suka yi gudun hijira daga gabashin jiharmu. Ni na ɗauki nauyin riƙe littafin.