Kwata Haƙƙin Talaka Ce: Lacca Kan Bakin Ruwan Tafkin Kainji



Tarihin dam ɗin Kainji ba baƙonku ba ne. An kammala shi a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Bussa da tsibiran Gungawa, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni. An gina musu gidaje, amma ba a yanka musu inda za su riƙa ɗaure kwalekwale ba. Wannan giɓin ne ya kawo ni gabanku yau.

Duk lokacin da jirgi ya kife, kamar yadda ya faru kusa da Wara a watan Mayun 2021 da mutane fiye da 150 a cikinsa, sai jami'ai su raba rigunan kariya, su hana tafiyar dare, su koma ofis. Ban raina rigar kariya ba. To amma wa zai duba wanda ya sa ta, in babu tsayayyen wurin da jirgi ke tashi?

Ga hujjar da na daɗe ina nanatawa. Ruwan Kainji ba ya zama wuri ɗaya. Farin ruwa na daminarmu yana cika shi, baƙin ruwa da ke gangarowa daga tsaunukan Gini ya biyo baya da hunturu, sannan tafkin ya yi ta janyewa har ya ragu da kusan mita 10 kafin wata cikar. Inda gaɓa ta kwanta, wannan raguwa kan mayar da bakin ruwa nesa ƙwarai. Manomi ya bi laima ya shuka, kuma ba laifinsa ba ne. Masunci ya zo ya tarar hanyarsa ta zama gona. Mai fito ya nemi wani lungu ya yi lodi inda ba mai ƙirga fasinja, ya kutsa cikin kututturan da ba a sare ba kafin a tare ruwa. Ashe haɗarin tun a tudu yake farawa.

Masu cewa babu kuɗin gina kwata, su lissafa abin da kasuwannin kifi na Yawuri da Malale suke samarwa duk mako.

Abin da nake nema uku ne. Gwamnatocin Kebbi da Neja su keɓe kwata a kowane garin gaɓa, su rubuta ta a doka tare da hanyar da ke kai wa gare ta, kada a noma ta, kada a sayar. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta zuba gangaren siminti da zai kai har inda ruwa ke tsayawa in ya gama janyewa, ta kuma sa alama a kan kututture. A damƙa wa sarkin ruwa rajistar jirage da ikon hana lodin da ya wuce ƙima, a riƙa biyansa albashi, domin shi ne ya san kowane mai jirgi da sunansa.