Labarin da Allura Ta Rubuta



Mun daɗe muna kukan cewa ɗalibanmu suna haddace littattafan adabi ne don jarrabawa kawai, da zarar an karɓi takarda sai su watsar. Yau za mu leƙa ƙasar Bengal, wadda ta haɗa Bangladesh da wani yanki na gabashin Indiya, mu ga yadda labari guda ya ƙi kwanciya a takarda.

A shekarar 1929 Jasimuddin, mutumin Faridpur, ya wallafa Nakshi Kanthar Math, dogon labarin soyayya da ya tsara cikin waƙa. Wani matashin manomi, Rupai, ya auri Saju. Rikicin gona ya ɓarke, aka zubar da jini, Rupai ya tsere. Saju ta zauna jiran mijinta, tana ɗinka tarihin zamansu a jikin mayafi, har ajali ya riske ta. Wasiyyarta ita ce a shimfiɗa mayafin a kan kabarinta, kuma a nan Rupai ya dawo ya cika.

Wannan mayafi ba ƙagen marubuci ba ne. Matan karkarar Bengal sukan jera tsofaffin zannuwan da masaƙa suka saƙa, su zaro zare mai launi daga bakin zanen, su yi wa mayafin adon furen bado da kifi da tsuntsaye. Jasimuddin ya san su sarai, domin ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana tattara waƙoƙin gargajiya a ƙarƙashin malaminsa, Dinesh Chandra Sen. Daga baya makarantar fasaha ta Bulbul, wadda aka kafa a Dhaka a 1955, ta mayar da labarin wasan kwaikwayo na rawa da kiɗa. Ta haka wanda bai iya karatu ba ma ya ga Saju da idonsa.

'Yan'uwa, labarin daga hannun masu allura ya fito, kuma gare su ya koma, shi ya sa bai mutu ba. Mu ma kada mu rufe littafi da tambayoyin jarrabawa kaɗai. Mu bar yara su rera shi, su zana shi, su taka shi a filin makaranta. Abin da hannu ya taɓa, zuciya ba ta saurin mantawa da shi.