Yanar Ido Ba Ta San Dokar Kulle Ba

 

Dakta Li Wenliang, ɗaya daga cikin likitocin da suka fara gargaɗi a birnin Wuhan cewa wata baƙuwar cuta ta ɓulla, likitan ido ne. Ya rasu da cutar, wato korona, ranar 7 ga Fabrairu 2020. Duk wanda aka taɓa duba wa ido ya san yadda zaman yake: haɓarka a kan na'ura, fuskar likita daf da taka, numfashinku na gauraya. Ga shi yawancin masu zaman layi a asibitin ido dattawa ne, su ne kuma korona ta fi yi wa kisa. Saboda haka ba na ganin laifin waɗanda suka tsorata.

Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba. Ranar 17 hukumar lafiya ta Ingila ta umarci asibitoci su ɗage duk tiyatar da ba ta gaggawa ba, aƙalla wata uku. Washegari ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta shawarci 'ya'yanta su dakatar da komai sai abin gaggawa. A nan gida an rufe Legas da Abuja ranar 30 ga Maris, Ogun da Kano suka biyo baya a Afrilu.

A kan wannan kalma ta "gaggawa" nake so mu tsaya. Idon da ya fashe, ko tantanin ganin da ya ɓalle daga bayan ido, kowa ya yarda ba sa jira. Aikin yanar ido kuwa sai aka sa shi a sahun abin da zai iya jira, tunda yana ba ta kisa. Gaskiya ne, ba ta kisa kai tsaye. Amma wata shida a wurin ɗan shekara talatin daban, a wurin ɗan shekara saba'in da biyar daban. Tsohon da yana ta rufe masa ido ya daina zuwa masallaci shi kaɗai, ya daina duba Alƙur'aninsa, ba ya bambance wannan ƙwayar magani da waccan. Ya yi tuntuɓe a bakin ƙofar banɗaki ƙugu ya karye, daga nan sai kwanciya. Sau da yawa kuma jika ake cirewa daga makaranta ya zama ɗan jagora. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a lissafin ɓarnar annoba ba.

Ita ma yanar ba zaune take ba. Tana ƙara nuna, tana ƙara tauri. Aikin da ake gamawa cikin ƙasa da rabin awa da allurar kashe zafi sai ya koma mai wuya da haɗari. Wani lokaci ta kumbura ta haddasa hawan jinin ido, wanda in ya cinye jijiyar gani babu tiyatar da za ta dawo da ita.

A Ingila sakamakon ɗagewar shi ne dogon layi. A wurinmu akwai abin da ya fi layi muni. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce sanadin kashi 43 na makantar. Ya kuma gano cewa sama da kashi 40 na idanun da aka yi wa aikin yana ba a asibiti aka yi ba: masu maganin gargajiya ne suka soka tsinke suka tura yanar cikin ido, kuma mafi yawan idanun nan ba su samu gani mai amfani ba. To, tsohon ƙauye da ke dogaro da aikin ido na kyauta da ƙungiyoyi ke kawowa, ko da tafiya asibitin ido a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ina zai nufa ranar da aka hana taro aka hana tsallaka iyakar jiha? Mai tsinke ba ya jiran a ɗage doka, har gida yake zuwa.

Da aka buɗe hanyoyi a watan Yuli ma tsoro bai buɗe ba. Wanda ya ga yadda aka yi ta binne dattawa a Kano a Afrilun 2020 ba zai yi gaggawar kai mahaifiyarsa asibiti ba. Kuɗin da aka tara don aikin kuma an ci abinci da shi a zaman kulle.

Ra'ayina shi ne, in wata annoba ta zo, a daina sa duk masu yana a kwando ɗaya. Wanda ido ɗaya ke gani sarai zai iya jira. Wanda duka biyun suka rufe, ko mai ido ɗaya tal da yana ta kama, a lissafa shi cikin masu gaggawa. A tantance ta wayar salula kafin a taso shi, a ware wa tsofaffi safiya, a yi gwaji da aiki a rana guda don kada a yi ta jigila da su. Takardar ganin likita kuma ta zama shaidar wucewa a shingen jami'an tsaro. A rubuta wannan tsari yanzu, tun asibitoci na buɗe.

Na ga shugaban taro yana duban agogo. Bismillah, masu tambaya.