Yadda Fure Ke Ƙin Auren Kansa



Mafi yawan furannin da muke gani namiji da mace ne a jiki guda. A cikin fure ɗaya akwai 'yan silalla masu ɗauke da garin fure, watau ɓangaren namiji, ga kuma sandar mace a tsakiya, wadda ƙwan da zai zama iri ke kwance a gindinta. Tazarar da ke tsakaninsu sau da yawa ba ta kai faɗin farce ba. To, me ke hana fure ya barbari kansa ya huta da jiran zuma ko iska? Amsar wannan tambaya muka zo nema yau.

Da farko, me ya sa za a guji abin? Charles Darwin na Ingila ya shafe shekara 11 yana gwaji kafin ya fitar da littafinsa a kan wannan batu a 1876. Ya tarar cewa a galibin tsirran da ya gwada, 'ya'yan da aka samu ta barbarar kai ba su kai na barbarar waje tsayi da ƙarfi da yawan iri ba. Yau mun san dalili. Kowane tsiro yana ɗauke da wasu gurɓatattun ƙwayoyin gado da ba su bayyana sai sun haɗu da irinsu, kuma babu inda suka fi saurin haɗuwa kamar inda uba da uwa abu guda ne.

Wasu tsirran sun ɗauki hanya mai sauƙi. Dabino ya raba namiji daban, mace daban. Gero kuwa ya raba lokaci: macen zangarniya takan riga namijinta fitowa da 'yan kwanaki. Amma dabarar da ta fi ba mu mamaki ita ce wadda ido ba ya gani, wadda masana suka ƙiyasta tana cikin kusan kashi 40 cikin 100 na tsirrai masu fure.

A 1925, East da Mangelsdorf a Amurka suka nuna, ta hanyar barbarar dangin taba, cewa wuri guda ne a cikin gadon tsiro ke riƙe da wannan al'amari. Aka laƙaba masa harafin S. Yana da iri-iri, S1, S2, S3, har abin da ya yi sama, kuma kowane tsiro yana gadon biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Alal misali, idan mace tana da S1 da S2, garin furen da ya zo da S1 ko S2 ba zai kai ga ƙwanta ba. Wanda ya zo da S3 kuwa, sai a buɗe masa ƙofa. Mu lura da bambancin wannan da garkuwar jikinmu. Jikin ɗan Adam baƙo yake ganewa ya yaƙa; fure kuwa ɗan gida yake ganewa ya kora.

Sai bayan shekara 60 aka gano yadda korar take. A 1986 ƙungiyar Adrienne Clarke a Jami'ar Melbon ta Ostiraliya ta ware ƙwayar gadon ɓangaren mace a cikin wani dangin taba, a 1989 kuma aka gane cewa sinadarin da take ƙerawa guba ce. Garin fure kan tsirar da siririn zare ya bi cikin sandar mace zuwa ƙwai, gubar kuwa tana shiga kowane zare. Baƙo yana ɗauke da makarinta, sai ya wuce. Ɗan gida ba shi da makarin gubar gidansu, sai ya tsaya a hanya. Dangin kabeji ba su jira har haka: tun a bakin ƙofa sukan shaida nasu su hana shi ruwan da zai tsira.

Wani abin sha'awa shi ne yawan ire-iren S, don a kabeji kawai an san kusan 50. Sewall Wright ya bayyana dalilin a 1939. Irin da ya yi ƙaranci kusan ko'ina ya je karɓarsa ake yi, sai ya yaɗu. Wanda ya cika gari kuwa, ƙofofi da yawa a rufe suke gare shi.

Kada masu shirin aikin gona a cikinmu su ɗauka wannan zancen ɗakin bincike ne kurum. Kokon Amelonado da ya mamaye gonakin Gana a farkon ƙarni na 20 yana karɓar garin kansa. Amma ire-iren da Posnette ya kawo tashar bincike ta Tafo a 1944, waɗanda asalinsu daga saman kogin Amazon yake, da yawansu ba su karɓa. A koko ma korar a makare take zuwa: zaren yakan isa har ƙwai, sannan haɗuwar ta ƙi, furen ya kakkaɓe. Wanda ya cika gona da reshen irin wannan bishiya guda, komai kyanta, fure zai gani ba 'ya'ya. Masu samar da iri kuwa ribar abin suka ci: sukan ɗauki bishiyar da ba ta karɓar garinta a matsayin uwa, su kawo mata namijin da suka zaɓa, sun tabbata ba garinta ne ya haifar da kokon da ta yi ba.