Shanyewar ɓarin jiki: a gane ta, a yi sauri

 Zancen yau a kan ciwon shanyewar ɓarin jiki ne.

Ga misali. Magidanci yana shan fura da iyalinsa. Sai ludayi ya faɗi daga hannunsa. Bakinsa ya karkace. Magana ta ƙi fita. Wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce jifa ne. A tafi neman turare da rubutu, har kwana biyu su wuce. To, a nan ake yin hasara.

Ciwon daga ƙwaƙwalwa yake. Jini ne ke ciyar da ita. In jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe, sai wani sashe na ƙwaƙwalwa ya fara mutuwa. Kusan mutum 8 cikin 10, toshewa ce. In ɓarnar tana dama, ɓarin hagu ne ke shanyewa. In tana hagu, sai na dama.

Alamu uku ake dubawa. Na ɗaya, fuska: a ce ya yi murmushi. Gefe guda ya zube? Na biyu, hannu: a ce ya ɗaga duka biyu. Ɗaya yana faɗuwa? Na uku, magana: a ce ya faɗi sunansa da na garinsu. Harshe ya yi nauyi? Ko alama guda aka gani, ta isa. Wani kuma ido ne ke dushewa farat ɗaya, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani. Ko da alamun sun wuce bayan ƴan mintoci, a je likita a ranar. Gargaɗi ne, babban yana iya biyowa.

Me za a yi? A kwantar da shi a kan gefensa, a sassauta masa riga. Kada a ba shi ruwa, ko fura, ko rubutu, ko ƙwayar magani. Maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, abin zai iya shiga huhu. Kada a yi masa ƙaho ko tsaga. A riƙe lokacin da abin ya fara: da hantsi ne, ko bayan azahar? Likita zai tambaya.

Sai a nemi mota ko amalanke nan take, ko da dare ne. A kai shi likita mafi kusa, ko asibitin Dakoro. Can za a gwada jininsa da sukarinsa. In ya kamata, a tura shi Maradi, tafiyar da ta fi kilomita 100. A manyan asibitoci ake ɗaukar hoton cikin kai, don a san toshewa ce ko fashewa, tunda maganinsu ba ɗaya ba ne. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Ko ba ita, wanda ya iso da wuri ya fi samun tsira.

Bayan an dawo gida, aiki bai ƙare ba. A riƙa juya shi kowane awa 2, don kada ya yi gyambo. A motsa masa hannu da ƙafa kullum. A riƙa yi masa hira. Da yawa suna sake tafiya, har su koma gona.

Babban mai kawo ciwon shi ne hawan jini, wanda ake kira tansiyo. Sau da yawa ba ya nuna alama. Gwaji kaɗai ke tona shi. In ya kai 14/9 ko ya wuce, sai a bi maganar likita. Wanda aka ɗora a kan magani ya sha kullum, kada ya bari don ya ji sauƙi. A rage gishiri, da magi, da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin mutum a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda. A bar taba. Masu ciwon sukari da yara masu sikila su ma a kula da su.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida. Ranar kasuwa mai zuwa, kowane babba ya biya likita a gwada masa tansiyo. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.