Daga Teku Zuwa Gulbin Gagare: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara



Dukanmu mun sha ruwan Gagare a Ƙaura Namoda ko na Bunsuru a Zurmi, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka tambayi inda yake fitowa. Asalinsa Tekun Atlantika ne. Rana ce ke dukan teku, ruwa ya tashi ya zama tururi, iskar damina ta kudu maso yamma ta ɗauko shi har ƙasarmu. Idan ya yi sama ya huce sai ya zama girgije, ya zubo mana, galibi daga Yuni zuwa Satumba. Wanda ya sauka a kan duwatsu da tuddai yakan gangaro ta ƙoramu ya cika gulaben nan biyu. Su kuma su haɗu a yankin Shinkafi da Isa su shiga Rima, Rima ta haɗu da Gulbin Sakkwato, shi kuma ya faɗa Kwara, Kwara ta mayar da ruwan tekun da ya fito.

A nan ne muke roƙon ku saurara da kyau. Kogunan da ke saukowa daga duwatsun Himalaya suna da dusar ƙanƙara da ke narkewa tana ciyar da su a lokacin zafi. Mu ba mu da irin wannan rumbu. Ƙarƙashin ƙasar Ƙaura da Zurmi dutse ne mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa da yawa, shi ya sa gulbi ke ƙafewa da rani. Ajiyarmu biyu ce: ƙasar da saiwoyin itatuwa suka riƙe, wadda ke shanye ruwan sama a hankali, da kuma yashin gulbi, wanda iyayenmu suka tona suka sha a farin 1973 da na 1984.

To, waɗannan biyun muke ci gaba da cinyewa. Buhun gawayin da ake sauke mana a birni, itacen daji ne aka sare. Tifar yashin da muke aikowa don ginin gida, ita ke rage zurfin ajiyar. Idan ƙasa ta zama tsirara, ruwan da ya kamata ya yi watanni yana tsatsafowa sai ya wuce cikin kwana ɗaya, ya bar ambaliya da damina, ƙishirwa da bazara, mai noman rani a fadamar Shinkafi ya rasa abin ban-ruwa.

Saboda haka muke ba ƙungiya shawara ta ware kuɗi don dashen itatuwa a bakin gulbi da makarantu, ta kuma zauna da sarakuna a keɓe wuraren ɗibar yashi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.