Ƙofar Kotu: Shigar da Ƙara a Ingila da Abin da Ya Shafe Mu a Abu Na'ama

 

Wani zai tambaya me ya haɗa mai noman dawa da riɗi a nan Abu Na'ama, a bakin kogin Nilu a Sudan, da tsarin kotunan Ingila. Tarihi ne ya haɗa su. Kakanninmu da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno da garuruwan kudancin Sinnar, sun baro mulkin Ingila a baya suka tarar da shi a gaba. Dokar shari'ar madaniyya ta 1929 ta umarci alƙalin Sudan, a inda babu doka rubutacciya, ya yi hukunci da adalci da daidaito da kyakkyawan lamiri, kuma ta wannan kafa hukunce-hukuncen Ingila suka kwararo cikin kotunan ƙasar nan. An sauya dokokin a 1983 da 1984, amma har gobe ƙarar neman haƙƙi da arida, wato takardar koke, take farawa. Abin da nake son tabbatarwa yau shi ne, yawancin masu gaskiya ba a gaban alƙali suke rasa haƙƙinsu ba, tun a bakin ƙofa suke rasa shi, kuma ƙa'idar da ke tsaron ƙofar nan ta fi amfanar talaka a kan mai kuɗi.

Ku dubi yadda abin yake a Ingila. Bayan rahoton alƙali Woolf na 1996, wanda ya koka da tsada da jinkirin shari'a, sabbin ƙa'idoji suka fara aiki ranar 26 ga Afrilu 1999. Kafin mutum ya doshi kotu, ana so ya rubuta wa abokin rigimarsa wasiƙa, ya faɗi abin da yake nema da dalilinsa, ya ba shi lokacin amsawa. Wanda ya tsallake wannan mataki, alƙali na iya ɗora masa kuɗin shari'a ko da shi ya yi nasara. Ƙara tana farawa ne ranar da kotu ta buga hatiminta a takardar da'awa, mai ɗauke da sunayen ɓangarorin biyu, da taƙaitaccen bayani, da adadin abin da ake nema. Mai ƙara yana sa hannu cewa ya yarda abin da ya rubuta gaskiya ne, kuma ƙarya a nan raina kotu ce da ke iya kai mutum kurkuku. Daga nan yana da wata 4 ya isar da takardar ga wanda yake ƙara. Wanda ake ƙara kuma yana da kwana 14 ya amsa bayan cikakken bayanin da'awa ya iske shi, ko 28 in ya sanar da kotu cewa saƙo ya zo hannunsa. In ya yi shiru, ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Sama da duk wannan akwai dokar 1980 mai iyakance wa'adin shigar da ƙara: bashi ko karya alkawari, shekara 6, rauni a jiki, shekara 3, ƙasa, shekara 12.

Yanzu mu dawo gida. Manomi ya karɓi kuɗin sheil a hannun ɗan kasuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ciyawa ta ci gona, a kan zai biya da buhunan riɗi in kaka ta yi. Buhu nawa? Wane awo? In ruwa ya ɗauke fa? An yi maganar a gindin bishiya bayan la'asar, shaidu biyu ne, ɗaya ya rasu, ɗaya yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya kora shi wata jiha. Ɗan kasuwa yana da littafinsa, manomi ba shi da komai sai rantsuwa. Ranar da aka zauna gaban mai rubuta arida a Sinja ya tambayi kwanan wata da adadi, nan take za a ga wanda rashin rubutu ya cuta. Tsarin da ke tilasta wa kowa ya faɗi abin da yake nema dalla-dalla, a rubuce, cikin wa'adi, yana hana mai ƙarfi ƙara buhu biyu a kan bashi duk shekara, yana kuma hana shi tayar da maganar da ta kwanta tun zamanin kakanni.

Na san za a ce wannan dokar Nasara ce, mu kuwa muna da tamu. To, a buɗe littattafan da alƙalan Sakkwato da Kano suka yi hukunci da su, irin su Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Malikiyya ba sa sauraron da'awar da ba a fayyace ba, suna ɗora hujja a kan mai da'awa, kuma a wajensu wanda ya zuba ido bare yana noma gonarsa shekara 10, yana gari bai ce uffan ba alhali babu abin da ya hana shi, ba a ƙara jin ƙararsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma kan rubuta bashi ta sauka. Ashe abin da muke gudu da sunan baƙo ne, namu ne muka yi sakaci da shi.

Za a kuma ce kai ɗan'uwa kotu abin kunya ne, sulhun dattawa da omda, wato mai gari, ya fi. Ina tare da wannan magana ɗari bisa ɗari, Ingila ma can ta nufa: a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta ce alƙali na iya dakatar da shari'a ya tura mutane neman sasanci. Sai dai dattijo ma yana bukatar sanin adadi da rana kafin ya raba gardama, kuma mai kuɗi ya fi saurin sassautowa in ya san akwai takardar da kotu za ta karɓa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tsananin ƙa'ida kan faɗa wa wanda ba shi da lauya. Gaskiya ne. A 2018 kotun ƙolin Birtaniya ta duba ƙarar wani mutum, Barton, da ya aika takardar da'awarsa ta imel ana gobe wa'adi zai cika, ba tare da lauyoyin ɗaya ɓangaren sun amince da karɓa ta wannan hanya ba. Takardar ta isa, sun gani, amma alƙalai 3 cikin 5 suka ce isarwar ba ta inganta ba, ƙarar ta mutu. Wannan hukunci yana da ɗaci, kuma alƙalai 2 da suka saɓa suna da hujja. Amma maganinsa a wajenmu ba zubar da wa'adi ba ne, domin wanda ake ƙara shi ma sau da yawa talaka ne da ya cancanci sanin ranar da barazana za ta sauka daga kansa. Abin da nake roƙo shi ne 'ya'yanmu da suka karanta shari'a a Wad Madani da Khartum su ware ranar kasuwa ɗaya a wata su zauna a nan, su rubuta wa mutane yarjejeniyar sheil da ta hayar gona, da Larabci da Hausa, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa, a bar na uku a hannun liman.